Prius ko Insight: wacce za ta iya da bazara, wacce bakanikenka zai iya da ita?

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, hirar mota ta sauya a majalisunmu. Da can abin da ake tambaya shi ne silinda nawa ce, huɗu ko shida, kuma minti nawa za ta yi daga Kano zuwa Zariya. Yanzu kafin a tambayi kala ma sai an tambayi shan mai. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin 2024 ta ƙare kuma ta tsallake dubu. Shi ya sa mutanen da a da ko kallon arziki ba sa yi wa haibrid, wato motar da ke haɗa injin fetur da na lantarki, suka fara tsayawa a bakin gilashinta suna leƙawa. Ga mai matsakaicin ƙarfi da ke neman ta hannu mai ƙofa biyar, wadda ƙofar bayanta ke ɗagawa har da gilashi, zancen yakan tsaya a kan guda biyu: Toyota Prius ƙirar 2010 zuwa 2015, da Honda Insight ƙirar 2010 zuwa 2014.

In ka hango su daga nesa sai ka ce uwa ɗaya uba ɗaya. Gaba a ƙasa, baya a sama, gilashin baya a rabe biyu. Ba haɗuwar sa'a ba ce, siffar da ta fi ratsa iska ke nan, kuma an ƙera su ne don su yi kishi da juna. Honda ta fitar da Insight a Japan a Fabrairun 2009 a kan yen miliyan 1.89, da niyyar ta zama haibrid ɗin talaka. A watan Afrilu ta zama motar da aka fi saya a ƙasar, in ban da ajin 'yan ƙananan motoci. Murnar ba ta yi nisa ba. A watan Mayu Toyota ta fito da sabuwar Prius, wadda ta fi girma da ƙarfi, ta sa mata yen miliyan 2.05, ratar da ba ta kai ta hana mai saye ƙarasawa ba. Prius ta karɓe kambun a watan, ta riƙe shi shekaru. A Amurka, inda yawancin waɗanda ke shigo mana suke fitowa, an sayar da Prius kusan 141,000 a 2010, Insight kuwa ba ta cika 21,000 ba. A riƙe wannan lissafin, domin shi ne zai yanke abin da za ka samu a kasuwar Ƙofar Ruwa ranar da wani ƙarfe ya lalace.

Kamannin a fenti ya tsaya. A Insight, injin fetur mai lita 1.3 shi ne maigida. An maƙala masa wani siririn injin lantarki mai ƙarfin doki 13 tsakaninsa da giya, aikinsa ya ɗan tura lokacin tashi da hawan tudu, in ka taka birki kuma ya mayar da gudun ya zama caji. Honda ta kira tsarin IMA. Su biyun a ɗaure suke da juna, duk inda ɗaya ya juya ɗayan ma sai ya juya. Jimillar ƙarfinsu doki 98. Prius kuwa injinta lita 1.8 ne, tana da injinan lantarki biyu, babban cikinsu doki 80, kuma wasu haƙoran ƙarfe ne ke raba aiki tsakanin ukun, ba giya irin wadda muka saba ba. Saboda haka tana iya kashe injin fetur gaba ɗaya ta riƙa rarrafe da lantarki a cunkoso, jimillar ƙarfinta doki 134. Batirin Prius ya ninka na Insight a yawan wutar da yake ɗauka.

Hukumar kula da muhalli ta Amurka, a awon da ta yi lokacin da suka fito, ta ba Prius kimanin kilomita 21 a lita ɗaya, Insight kimanin 17 da rabi. Corolla mai otomatik ta wancan lokacin tana yin 12 da ɗan abin kai. Mai tafiyar kilomita 20,000 a shekara zai sha kusan lita 1,630 a Corolla, 1,140 a Insight, 950 a Prius. Abin lura a nan shi ne babban tsallen yana tsakanin Corolla da kowace daga cikin biyun. Tsakaninsu su biyu lita 190 ce a shekara, wato ƙasa da lita huɗu a mako. Kuɗi ne, amma bai kai ya zama alƙali ba, musamman da yake wannan awon na sababbin motoci ne a kan titin da ba rami, ba ƙura, ba rana mai narka kwalta. Kuma ratar ba daidai take a ko'ina ba. A cikin gari Prius na yin kusan 22, Insight 17. A babbar hanya Prius na sauka zuwa 20, Insight na hawa zuwa 18. Mai zirga-zirga tsakanin Kaduna da Abuja da ƙyar zai ji bambancin a aljihunsa. Mai kwana a gosulon Kantin Kwari ko na Mararraba zai ji.

Ni dai abin da ya fi jan hankalina ba lita ba ne, sanyi ne. Kwampiresan na'urar sanyaya mota a Insight da bel yake aiki, injin fetur ke juya shi. Da ka tsaya a danja injin ya kashe kansa don tsimin mai, kwampiresan ma ya tsaya, fanka ta ci gaba da huro iskar da ke ɗumama a hankali. A ƙasar da ake sa rigar sanyi rabin shekara wannan ƙaramin abu ne. A Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu, da zafi ya haura digiri 40, zaɓi biyu ne gare ka: ka yi zufa ka tsimi mai, ko ka bar injin ya yi ta aiki ka sha sanyi, tsimin da ka sayi motar dominsa ya bi iska. Kwampiresan Prius na lantarki ne, babban batir ke ba shi wuta. Injin na iya yin shiru kana zaune a sanyi, sai caji ya yi ƙasa ya tashi ya ƙara ya sake kwantawa. Ga mai iyali da ke jiran yara a ƙofar makaranta da ƙarfe biyu na rana, wannan kaɗai ya kusa yanke hukunci.

Amma wannan alherin yana da tarko. Kwampiresan lantarkin yana buƙatar mai na musamman, ND-11, wanda ba ya wuce da wuta. In mai gyaran sanyi ya ɗura gas da man da yake zuba wa kowace mota, ko ya yi amfani da bututun da ya gama aiki da shi a kan Camry, man zai iya ɓata rufin wayoyin da ke ciki, kwamfutar motar ta ga wuta na zurarewa ta ƙi tashi. Aikin 'yan dubbai ya jawo na ɗaruruwan dubbai. Wannan shi ne halin Prius gaba ɗaya: ta fi wayo, kuma ba ta yafe wa mai gyaran kintace.

A nan ne ya kamata mu faɗa wa kanmu gaskiya game da al'adun garejinmu. Da mota ta sauka, abu na farko da wasu makanikai ke yi shi ne cire tamostat, wai na ƙasar sanyi ne, a haɗa fankar lagireto kai tsaye ta yi ta juyawa. A haibrid wannan kashe riba ne, domin injin ba ya yarda ya kashe kansa sai ya kai zafin da aka tsara masa. In ka hana shi zafi, zai yi ta aiki yana shan mai kamar kowace mota. Na biyu, zuba ruwan leda a lagireto. Prius tana da hanyoyin ruwa biyu, ɗaya ta inji, ɗaya ta inbatar da ke ɗaga wutar batir daga bolt 200 har zuwa 650, kuma dukkansu ruwan sanyaya na gaske suke so. Na uku, baƙin mai. Dukkan motocin biyu an ƙera su ne a kan mai maras kauri, 0W-20, amma shagon bakin titi mai kauri zai miƙo maka, ya ce shi ne na zafinmu. Na huɗu, indomi, wato abin tace hayaƙi. Abin tace hayaƙin da ke cikin salansar Prius yana da daraja saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinsa, har a Amurka da Ingila ɓarayi na yanke shi da dare. Kada ka yi mamaki in ka tarar an riga an ƙwaƙule na wadda kake tayawa tun kafin ta iso hannun dillali.

Sai batun da kowa ke tsoro, babban batir. Garantin da aka ba shi a Amurka shekara takwas ne, a wasu jihohi irin Kalifoniya goma. Mafi ƙuruciya a cikin motocin nan ta haura shekara goma da fitowa, don haka babu wadda ke da sauran garanti. Duk wanda ya taɓa sayen batirin sola ya san abin da zafi da shekaru ke yi masa ko da ba a wahalar da shi ba. Na mota ma haka ne. Dukkansu a bayan kujerar baya yake, fanka ce ke jawo iskar cikin mota tana fifita shi ta wata 'yar kafa a gefen kujerar. Ƙurar hunturu, gashin darduma, ko jakar da aka jingina a bakin kafar sun isa su shaƙe shi. Mota mai kwana da wuni a rana, gilashi a rufe, batirinta na tsufa da wuri. Wanke fankar nan sau ɗaya a shekara bayan hunturu ya wuce yana cikin gyara mafi araha da mai haibrid zai yi, kuma kaɗan ne suka san ma tana nan.

Yadda kowacce ke yi in batirin ya gaza shi ne hujja mafi ƙarfi da masu son Insight ke da ita, kuma hujja ce ta gaske. Prius ba ta da kik, ba ta da altaneta. Babban batir ne ke tayar da inji. In ya mutu murus, motar ta zama rumfa, sai janwe. Insight tana da kik na ko-ta-kwana mai aiki da ƙaramin batir, don haka ko babban ya raunana za ta iya kai ka gida, cikin nauyin jiki da shan mai. Ba halin da za a zauna a kai ba ne, domin cajin ƙaramin batirin ma ta wannan tsarin yake biyowa, amma akwai bambanci tsakanin mota mai ɗingishi da wadda ta kwanta a dajin da ke tsakanin Birnin Gwari da Tegina. Haka nan mai ɗabi'ar tuƙi har sai mai ya ƙare ƙaf ya nisanci Prius. In fetur ya ƙare ya ci gaba da lallaɓawa da lantarki har babban batir ya zube, galan ɗin 'yan bumburutu ba zai tayar da ita ba, sai an nemo caja ta musamman.

To me ya sa duk da haka na fi karkata ga Prius? Saboda tambayar ba wai wacce ce ba ta lalacewa ba, dukkansu tsofaffi ne. Tambayar ita ce in ta lalace me za ka samu, kuma wa zai ɗaura. Batirin Prius jere ne na ɓangarori 28, kuma irin waɗannan ɓangarorin ne a Prius ta baya, da Camry haibrid, da ƙaramar Prius c. Lexus CT 200h da Auris haibrid ta Turai kuwa inji da tsarin lantarkinsu na Prius ne kacokan. Injin nata ɗan gida ɗaya ne da na Corolla. Haɗa wannan da waccan rata ta bakwai da ɗaya a kasuwar Amurka, sai ka gane dalilin da ya sa a Ladipo, ko Apo, ko Panteka, neman kayan Prius tambaya ce, neman na Insight kuwa cigiya. Insight tana raba kayan ƙasa da Honda Jazz, wannan taimako ne, amma batirinta da kwamfutar IMA ba a tsintar su a ko'ina. Honda da kanta ta daina ƙera motar a 2014, ta kuma yi watsi da IMA ta koma tsari mai injinan lantarki biyu. Insight ɗin da ta dawo daga baya a ƙirar 2019 wata mota ce daban mai but irin na Civic, suna kawai suka haɗa. Kada dillali ya yabi waccan ya sayar maka da wannan.

A yi hattara kuma da gyaran batir na canza ɓangare ɗaya. Yana yiwuwa, yana da araha, kuma sau da yawa na 'yan watanni ne, domin sauran 27 ɗin shekarunsu ɗaya da wanda ya mutu, layi kawai suke bi. Da yawa daga cikin motocin da ake cewa an sa musu sabon batir, wannan aka yi musu. Ka nemi a nuna maka rasit, ka tambayi me aka saya.

Ba na so a ɗauka Prius ta wannan zubin waliyyiya ce. Tana da cuta sananniya. Bututun da ke mayar da wani ɓangare na hayaƙi cikin inji, EGR, yana toshewa da baƙin dauɗa, kuma makanikai da yawa na danganta hakan da ƙonewar gaskit ɗin kan inji, abin da ya yi wa ƙirar 2010 da 'yan shekarun bayanta suna. Alamarsa jijjiga da ƙarar ƙwanƙwasa a tashin farko da safe, da ruwan lagireto da ke raguwa ba tare da an ga ɗigo ba. Da yawansu na shan baƙin mai in tafiya ta yi nisa. A Fabrairun 2014 Toyota ta yi kiranyen Prius kusan miliyan 1.9 a duniya don gyara manhajar inbata, kuma ba kowace ce aka kai ba kafin a yi gwanjonta. Famfon birkinta ma, in ya fara gunji ba ƙaƙƙautawa, kuɗi ne masu kauri. Ita kuwa Insight tana da fulogi takwas maimakon huɗu, giyarta mai bel ɗin ƙarfe ce da ba ta karɓar kowane mai sai na Honda, in aka yi sakaci da shi takan fara karkarwa lokacin tashi. Tana cikin motocin da kiranyen balan-balan ɗin kariya na kamfanin Takata ya shafa, wanda kan fashe da tarkacen ƙarfe, kuma zafi da danshi ne ke ƙara masa haɗari. Da lambar shasi ana iya dubawa a intanet ko an canza shi.

A zaman ciki babu gasa. Tazarar tayoyin gaba da na baya a Prius santimita 270 ce, a Insight 255, kuma duk bambancin a gwiwar fasinjan baya yake sauka. Dogon mutum mai hula a bayan Insight sai ya cire ta. Prius ta fi shiru, ta fi laushi a kan gargada. Insight ta fi sauƙin jiki, sitiyarinta ya fi daɗi a hannu, wannan na yarda. Dukkansu cikinsu a ƙasa yake, kusan santimita 14, don haka mazaunin unguwar da damina ke mayar da layinta kwazazzabo ya yi tunani sau biyu a kan kowacce.

Insight ta fi araha a kasuwa, kuma arahar ce ke jan mutane. Araha ba ta ado, amma ba kullum take zama asara ba. Ga wanda yawancin tafiyarsa a babbar hanya take, shi kaɗai ko da mutum ɗaya, yana zaune a Abuja ko Kaduna inda zai iya samun mai wayarin da ya san Honda, kuma ya yi niyyar riƙe motar har ta tsufa a hannunsa, lafiyayyar Insight ciniki ne mai kyau. Injinta mai sauƙi ne, bakaniken da ya san Jazz ba zai ruɗe ba. Sai dai ya sani ranar sayarwa masu tayawa kaɗan ne, kuma za su taya ne kamar suna yi masa alfarma. Ga mai iyali, ko mai aikin ɗaukar fasinja ta manhajar waya a cikin gari, Prius ce, kuma in da hali ƙirar 2015, wadda aka gyara wa zoben fistin da ke jawo shan baƙin mai. Wanda kuma yake garin da babu ko mutum ɗaya mai kwamfutar da ke karanta batirin haibrid, ni a ganina ya haƙura da duka biyun ya nemi Corolla. Lita 680 da Prius za ta rage masa a shekara, janwe biyu zuwa Kano da batir ɗaya sun cinye ta.

Duk wadda ka zaɓa, ranar dubawa ta fi sunan da ke jikin but muhimmanci. Yawancin masu shigowa daga gwanjon motocin haɗari na Amurka suke, irin su Copart, kuma a cikinsu akwai waɗanda ambaliya ta shanye. Motar fetur da ta sha ruwa ciwon kai ce, haibrid da ta sha ruwa kuwa ba a ma fara ciniki. Ka ɗaga darduma, ka shinshina, ka duba tsatsa a ƙarƙashin kujera. Kada ka yarda da lambar kilomitar da ke gaban sitiyari, ana juya ta, tarihin lambar shasi ya fi ta gaskiya. Ka tambayi wata nawa ta yi a ajiye, domin irin wannan batirin yana zubar da caji in an bar shi zaune. Ka je da sassafe, kafin yaron dillali ya tayar da ita ya ɗumama, ka sa hannu a kan bonet ka tabbatar da sanyi, sannan ka tayar da kanka ka saurara. Ka tafi da mai kwamfutarka, ba na dillali ba, ya nuna maka wutar kowane ɓangare na batir motar na tafiya, na'urar sanyi a kunne. In ɗaya yana faɗuwa ƙasa da 'yan'uwansa duk sanda aka taka totur, ka cire kuɗin batir daga farashin kafin a yi maganar la'ada. Wayoyin babban batir masu ruwan lemo kuwa, kada ka bari kowa ya taɓa su da hannu tsirara, ko da ya rantse ya saba. In dillali ya ce Alhaji ai ba sai an sa kwamfuta ba, mota garau take, ka yi masa godiya ka tambaye shi ko akwai wata.